Yadda Ake Sarrafa Aikatau Mai Bin Ƙa'ida a Turanci

Aikatau mai bin ƙa'ida a Turanci siffofi huɗu kawai gare shi, kuma lokutan nan 12 da littattafan nahawu suke jerawa a jadawali duk daga waɗannan huɗun ake gina su. Idan aka ɗauki *walk*, akwai tushen kansa, sai *walks*, sai *walked*, sai *walking*. Ragowar aikin na mataimakan aikatau ne, wato *be*, *have*, *do* da *will*. Mai jin Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin a "na tafi", "zan tafi" da "nakan tafi" aikatau bai motsa ba, abin da ya gabace shi ne yake ɗauke da lokaci.

Kamata ya yi a fara da rubutun siffofin. Ɗafa-ƙeyar *-s* ta mutum na uku tilo ce, wato shi ko ita, kuma a lokaci sabau, na abin da aka saba yi, kaɗai take bayyana, kamar a *she walks*, amma tana komawa *-es* bayan *s*, *x*, *z*, *ch* da *sh*, shi ya sa ake rubuta *washes* da *fixes*. Idan aikatau ya ƙare da *y* wadda baƙi ya gabata, sai *y* ta koma *i*, a sami *carries* da *carried*, alhali *play*, da yake wasali ne ya gabaci *y* ɗinta, tana zama *played* ba tare da wani canji ba. Harafin *e* na ƙarshe galibi yana faɗuwa kafin *-ing*, kamar a *closing*. Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne ninka baƙin ƙarshe. Ana ninka shi ne idan kalmar ta ƙare da wasali ɗaya da baƙi ɗaya (ban da *w*, *x* da *y*) kuma ƙarfin furuci yana kan gaɓar ƙarshe, saboda haka *stop* ta ba da *stopped*, *prefer* ta ba da *preferred*, amma *visit* ta tsaya a *visited* domin ƙarfinta a gaɓar farko yake. Turawan Birtaniya suna rubuta *travelled*, Amurkawa kuwa *traveled*, kuma duk biyun daidai ne matuƙar mutum ya riƙe tsari ɗaya.

Furucin *-ed* iri uku ne, kuma ya cancanci a ɓata masa lokaci, domin harshen Bahaushe ya saba cusa wasali tsakanin baƙaƙe. A *walked* da *stopped* sautin "t" ake ji, a *played* da *cleaned* sautin "d", kuma ba a ƙara sabuwar gaɓa sai bayan *t* ko *d*, kamar a *wanted* da *needed*.

Daga nan sai gina lokutan. Don nuna aikin da ake cikin yi, ana haɗa *be* da siffar *-ing*: *I am walking*, *I was walking*, *I will be walking*. Don nuna aikin da ya kammala kafin wani lokaci, ana haɗa *have* da siffar *-ed*: *I have walked*, *I had walked*, *I will have walked*. Idan aka gwama biyun sai a sami *I have been walking*, wadda take nuna aikin da aka faro tun can baya kuma har yanzu ana kai. Ƙa'idar da ta fi kowace amfani a nan ita ce, kalmar farko ta jerin kaɗai ce take ɗaukar alamar lokaci da ta mutum. Wannan ne dalilin da ya sa a korewa da tambaya ake cewa *he did not walk* da *does she walk?*, inda *did* da *does* suka karɓe nauyin, aikatau ya koma tushensa. Wanda ya rubuta *did not walked* ya sa alamar shuɗewa sau biyu ke nan. Haka abin yake bayan *can*, *must* da *should*, ba a ƙara *-s* ko da ana magana a kan mutum na uku tilo.

Akwai wuri guda da Hausa takan ja mai koyo ya kauce. "Na gama" tana iya zama *I finished*, tana kuma iya zama *I have finished*, amma Turanci ba ya yarda a haɗa ta biyun da lokacin da aka ayyana kuma ya wuce. Da zarar an ambaci *yesterday* ko *last year*, to *I finished* ce kawai za ta shiga. Haka nan, inda Hausa take cewa "idan ya iso zan kira ka", Turanci *when he arrives, I will call you* yake cewa, ba a saka *will* a sashen farko.

Umarni shi ne mafi sauƙi, tushen aikatau ne tsurarsa, *walk*, a hani kuma *do not walk*, kuma siffar ba ta bambanta namiji da mace ko tilo da jam'i. Sharaɗi yana da matakai. Abin da ake ganin zai iya faruwa shi ne *if you ask, she will help*. Abin da ake ƙaddarawa kawai yana aron siffar shuɗaɗɗen lokaci ko da yake ba a kan jiya ake magana ba, *if you asked, she would help*, wanda kuma damarsa ta riga ta wuce, irin na "da ka tambaya da ta taimaka", shi ne *if you had asked, she would have helped*. Bayan aikatau na shawara ko buƙata, irin su *suggest*, *insist* da *demand*, rubutu na hukuma yana barin tushen aikatau ba tare da *-s* ba, a ce *I suggest that he wait*. Wannan tsari ya fi yawa a Turancin Amurka, a Birtaniya kuwa sau da yawa *I suggest that he should wait* ake cewa.