Yadda ƙungiyar unguwa za ta tsaya wa gidajen masu ƙaramin ƙarfi shekara guda cur

Yawancin ƙungiyoyin taimakon juna na unguwanni a azumi suke farkawa. A tara kuɗi, a raba shinkafa da sukari, a ɗauki hoto, sai kuma wata shekara. Amma matsin da ya fi cin talaka a Arewa yana zuwa ne tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, farashi ya hau, zazzaɓin cizon sauro kuma ya kwantar da yara. Ƙungiyar da ke son taimakonta ya yi tasiri sai ta tsara shekararta da wannan lokaci a zuciya, ko azumi ya faɗo a cikinsa ko bai faɗo ba.

Kuɗin da ake iya dogara da shi

Kafin a yi wa kowa alkawari, a san abin da ke shigowa kowane wata ba tare da roƙo ba. Idan mutum 40 suka yarda da naira 2,000 a wata, asusu yana da 80,000 kenan. A kan wannan ake gina shiri, kyautar wani alhaji da ta faɗo sau ɗaya kuma a ɗauke ta a matsayin ƙari. A ware kashi ɗaya cikin biyar don larurar gaggawa, irin haihuwar da ta zo da tangarɗa ko ɗakin da ruwa ya rusa, kada a taɓa shi don sayen abinci.

Kuɗin ƙungiya kada ya kwana a asusun ma'aji na kansa, komai amanarsa. Da farko ana iya yin rajista da sashen raya al'umma na ƙaramar hukuma. Idan aiki ya girma, a je Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, a yi rajistar amintattu ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ana buƙatar amintattu aƙalla biyu, kundin tsarin mulki, bayanin taron da aka naɗa su, da sanarwa a jarida, sannan a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Banki zai nemi takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. A buɗe asusu yadda kuɗi ba zai fita ba sai mutum biyu sun sa hannu. Abin da ake yawan mantawa shi ne rahoton shekara-shekara da CAC ke jira. Tarar makara tana taruwa shiru.

Zakka tana da nata littafi daban. Rukunoni takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata su ne masu ita, don haka ba a sayen kujerun taro ko allon ƙungiya da ita. Zakkar fidda kai, sa'i ɗaya ga kowane mutum, dole ta isa hannun mabuƙaci kafin a tafi idi, ba a adana ta don damina. Jihohi irin su Kano da Sakkwato suna da hukumomin zakka da waƙafi, kuma yana da kyau a sanar da su abin da ake yi, ko don a miƙa musu larurar da ta fi ƙarfin ƙungiya.

Wa za a ba?

Nan ne ƙungiyoyi suka fi faɗuwa. Idan aka ce mai unguwa shi kaɗai ya kawo sunaye, 'yan uwa da masu yawan zuwa gaisuwa za su cika takarda, ko da bai yi niyyar haka ba. Idan aka ce duk mai buƙata ya zo ya rubuta suna, masu baki ne za su zo, matar da mijinta ya rasu take takaba kuma ba za ta fito ba. Mafi talaucin gida sau da yawa shi ne wanda ba a jin motsinsa.

A karɓi sunaye daga wurare uku da ba sa shawara da juna: mai unguwa, liman ko fasto, da matan da ke shiga gidaje, wato ungozoma, malamar Islamiyya, uwar adashi. A ƙara da mai shagon lungu, don ya san wanda ke karɓar garin kwaki bashi da wanda ya daina zuwa saboda kunyar bashin. Sunan da ya fito daga baki biyu ko uku shi ake fara dubawa.

Dubawa kuwa mata biyu ne za su yi, da rana, ba tare da rigar ƙungiya ko kyamara ba. A yi sallama, a gaisa, a tambayi gajiya da yara, kafin a ce, "Inna, mu ne 'yan ƙungiyar unguwa, mun zo mu ga yadda kuke." Ba a tambayar nawa maigida yake samu, ba wanda zai faɗi gaskiya. A tambayi abin da ake iya ƙirgawa: mutum nawa ke ci a tukunya ɗaya, sau nawa aka ɗora ta jiya, yara nawa ke zaune a gida saboda kuɗin makaranta, akwai mai ciwon da ke shan magani kullum, an sayar da akuya ko katifa a watannin nan. A leƙa murhu. Tokar da ta yi sanyi da azahar tana ba da amsar da matar gida ke jin nauyin bayarwa.

A ba kowace amsa maki, a jera gidajen, a ɗauka daga sama gwargwadon ƙarfin asusu. Gida 15 da za a riƙe har kaka sun fi gida 100 da za a ba kwano ɗaiɗai. Ɗan kwamiti ba ya duba gidan danginsa. A sake bitar jerin duk wata shida, domin wani ya samu aiki, wani kuma ya rasa mai ciyar da shi. Littafin sunaye ya zauna wajen mutum biyu kacal, kada ya shiga zauren WhatsApp.

Hatsi: a saya da kaka, a raba da damina

Masara, gero, dawa da wake sun fi araha daga Nuwamba zuwa Janairu. A saya a lokacin, a kasuwar ƙauye ko babbar kasuwa irin Dawanau. Lissafin mai sauƙi ne: babban buhu yana ɗaukar kusan kwano 40, gida mai mutum shida ko bakwai kuma yana cin wajen kwano ɗaya a rana. Ba a ce ƙungiya ta ɗauke ciyarwar duka ba. Kwano 10 na hatsi da kwano 2 na wake a wata suna rage kashi ɗaya cikin uku na nauyin. Gida 15 na wata uku, kwano 450 na hatsi kenan, buhu 11 da ɗoriya.

Asarar a ajiya take faruwa. Hatsin da bai bushe ba yana fumfuna, masara da gyaɗa masu fumfuna kuma suna ɗauke da guba mai lalata hanta. A gwada: a zuba hatsin da busasshen gishiri cikin busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, a sake shanyawa. Wake kuwa ƙwari ne ke gamawa da shi cikin 'yan watanni. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, yana kashe su ta hanyar hana iska, ba tare da magani ba, amma sai an matse iskar, an ɗaure kowace leda daban, an kuma tabbatar ba huda. A ɗora buhuna kan katako, a bar tazara da bango saboda danshi da ɓera. Ƙwayar maganin da ake jefawa cikin hatsi tana fitar da iska mai kisa. Kada a taɓa amfani da ita a ɗakin da ke manne da inda mutane ke kwana.

Ranar rabo kada a yi shela. A watan Disamba na 2024 mutane da dama, har da yara, sun mutu a turmutsitsin rabon kayan abinci a Ibadan da Okija da Abuja. A ba kowane gida kati mai lamba da lokacin zuwa, gida biyar a awa, ko a kai musu da Keke Napep bayan magariba. A miƙa wa matar da ke girki, ta dangwala yatsa a littafi. Hoto kuma na buhuna da rasit ya wadatar da masu ba da gudummawa. Fuskar wanda aka ba ba ta cikin cinikin.

Yara da asibiti

A samu tef ɗin auna damtse daga asibitin sha-ka-tafi, a koya wa matan da ke ziyara. Ga yaro mai wata 6 zuwa 59, launin ja a tef ɗin (ƙasa da santimita 11.5) ko kumburin ƙafa biyu yana nufin tamowa mai tsanani: asibiti a ranar, ba kunu ba. Abin da ƙungiya za ta biya shi ne kuɗin mota, domin shi ke hana uwa komawa karɓar abincin magani kowane mako. Yaron da tef ya nuna masa ruwan ɗorawa (11.5 zuwa 12.5) ana iya tallafa masa da garin kunu na gida: awo 6 na gero ko dawa, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa, a soya kowanne daban sama-sama, a surfe waken, a niƙa tare. A yi na mako biyu kawai, man gyaɗar yana sa shi ɗaci idan ya daɗe.

Kuɗin magani a biya shi kai tsaye a kantin asibiti, a karɓo rasit. Kuma kafin a biya, a duba abin da ake bayarwa kyauta: rigakafin yara, maganin tarin fuka, da maganin kariyar zazzaɓi da ake bi gida-gida da shi a damina. Hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi suna rajistar marasa ƙarfi ƙarƙashin asusun kula da lafiya a matakin farko. Raka mutum ya yi lambar NIN ya shiga wannan tsari na iya fin duk abin da ƙungiya za ta ba shi daga aljihunta.

Jari

Jari yana mutuwa ne idan aka ba mace mai jin yunwa. Cikin mako biyu ya koma tukunya, kuma ba laifinta ba ne. A haɗa shi da abincin wata biyu. A ƙarfafa sana'ar da mace ta riga ta iya, ƙosai, awara, ƙuli-ƙuli, kitso, maimakon a raba wa mata goma keken ɗinki a lungu ɗaya su rasa mai kawo ɗinki. A sayi kayan tare da ita a kasuwa, a sanar da maigidan tun farko cikin girmamawa, "Malam, wannan amana ce ta ƙungiya a hannunta," don kada ya zama rance a cikin gida. Idan awaki za a ba, a yi musu rigakafi kafin a kai su, a kuma tambaya ko akwai wurin ɗaurewa da abin ci a rani.

A sa matan cikin adashin mako-mako na mutum 10 zuwa 15, wata daga kwamiti ta riƙa leƙa su sau biyu a wata. A ƙarshen kowane wata sakatare ya karanta abin da ya shigo, abin da ya fita, da buhunan da suka rage a gaban 'yan ƙungiya, wani wanda ba ya cikin kwamiti kuma ya je sito ya ƙirga da idonsa.