Kurakuran da ke kashe itacen oak tun yana ƙarami

Itacen oak na Ingila, wanda masana tsirrai ke kira Quercus robur, yana kai ɗaruruwan shekaru a tsaye. Amma shekarunsa ukun farko su ne masu wuya, kuma sau da yawa mai shukar ne ke kashe shi da hannunsa. Watanni da lokutan shekara da za a ambata a nan na yanayin Ingila ne.

Ɓarnar farko tana faruwa ne tun iri bai shiga ƙasa ba. Mutum ya tsinci 'ya'yan a watan Oktoba, ya baza su kusa da taga su bushe kamar dawa ko gero. Ɗan oak ɗan'uwan goro ne a wannan fanni: ya bushe, ya mutu. A zuba su a bokitin ruwa, a zubar da waɗanda suka taso sama, domin galibi ko sun bushe ko tsutsa ta cinye cikinsu. Duk wanda ke da ɗan rami kamar hujin allura shi ma a jefar. Sauran a shuka su cikin 'yan kwanaki, zurfin santimita 3 zuwa 5, a kwance. Idan dole sai an jira, a sa su cikin yashi mai danshi a ajiye a firij, ban da gidan ƙanƙara.

Sai batun tukunya. Saiwa ce ke fara fitowa tun kaka, ta nutsa ƙasa a miƙe, ganye kuma sai bazara. Ƙaramar tukunyar fulawa tana sa saiwar ta naɗe kamar gammo, kuma ko an dasa ba ta warwarewa. A samu tukunya mai zurfin santimita 30 ko fiye, a rufe bakinta da ragar waya, don ɓeraye da kurege suna tone iri cikin dare ɗaya. Wanda ya ga watanni sun wuce ba tsiro kada ya juye tukunyar, aiki na gudana a ƙasa.

Ana dashe ne tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da itacen ya zubar da ganye, ba ranar da ƙasa ta daskare ba. A nan ake yawan zurfafa rami fiye da kima. A duba gindin, za a ga inda launin ɓawo ya canza, iyakar da ƙasa ta kai a da. Nan ya kamata ta tsaya, domin ɓawon da aka binne ruɓewa yake yi. Ba ya buƙatar takin zamani a ramin.

Ciyawa ta fi fari cutar da ƙaramin oak, tana shanye ruwan kafin ya kai ga saiwa. A share da'ira mai faɗin mita 1, a shimfiɗa ɓawon itace kaurin santimita 5 zuwa 8, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da kara. Idan rani ya tsananta a shekara biyu ko ukun farko, a kwarara bokiti guda a mako, ya fi yayyafi kullum. Kariyar da za a kewaye itacen da ita kuma a auna tsayinta da dabbar wurin: santimita 60 don zomo, mita 1.2 don ƙananan barewa.

Wasu suna tumɓuke itace mai rai saboda busasshen ganye ya maƙale masa duk hunturu. Ɗabi'ar ƙaramin oak ce. A ɗan kankare ɓawon reshe da farce, in an ga kore, lafiyarsa ƙalau. Haka farar hodar da ke rufe sabon ganye a Yuli da Agusta: naman gwari ne, wato wani irin fumfuna, yana rage girma, amma da wuya ya kashe itacen da ya kafu. Datse rassa kuwa sai hunturu, kuma kada a taɓa kan da ke miƙewa sama.

Wuri shi ne abin da ba ya gyaruwa daga baya. Itacen na kai mita 20 zuwa 40, kuma a ƙasar yumɓu irin ta Landan saiwarsa na tsotse danshi har harsashin gini ya motsa, don haka a nisanta shi da gida. Mai dawaki, shanu ko tumaki ya killace shi, domin 'ya'yansa guba ne gare su in sun ci da yawa, suna lalata ƙoda.