Yadda Ake Haɗa Kifin Zinare da Ƙananan Kifaye a Tanki Ɗaya

Abu biyu ne ke yanke hukuncin ko kifin zinare zai zauna lafiya da ƙananan kifayen ƙasashe masu zafi: zafin ruwa da faɗin bakinsa. Wanda ya kula da waɗannan biyun kafin ya sayi kifi ko ɗaya ya kauce wa mafi yawan asarar da masu wannan kiwo ke yi.

Kifin zinare ɗan asalin ƙasar Sin ne, kuma ruwa mai ɗan sanyi yake so, tsakanin digiri 18 zuwa 23 a ma'aunin Salshiyas. Su kuwa ƙananan kifayen ado irin su gofi da niyon tetira da beta sun fi jin daɗi daga digiri 24 zuwa 27. Idan aka ɗaga zafin don a kyauta musu, jikin kifin zinare zai riƙa aiki da sauri, ya ƙara ci, ya ƙara kashi, alhali ruwan ɗumi bai kai mai sanyi riƙe iskar shaƙa ba. Shi ya sa za ka gan shi a saman ruwa yana ta buɗe baki. Idan kuma aka bar ruwan da sanyi, ƙananan ne za su yi lakwas, launinsu ya dushe, cutar fararen ɗigo ta kama su. Mafita ita ce a tsayar da ruwan a digiri 21 zuwa 23, sannan a zaɓo kifayen da wannan zafin ya dace da su tun asali. Sa ma'aunin zafi a cikin tankin, ka riƙa duba shi safe da yamma na mako guda. In ɗakin kansa na kai ruwan sama da digiri 27 kullum, to gara a haƙura da kifin zinare a yi tankin ƙananan kawai.

Sai maganar baki. Kifin zinare ba mafaɗaci ba ne, amma duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne. Ɗan ƙaramin da aka saya bai wuce santimita 5 ba, yana iya kaiwa 15 zuwa 20 idan mai wutsiya biyu ne kamar oranda da riyukin, mai wutsiya ɗaya irin su komet kuwa yakan kai santimita 30. Niyon ɗin da suka shekara tare lafiya sai a wayi gari suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Don haka a zaɓi mai wutsiya biyu, domin ba shi da saurin kama na tare da shi. Komet ɗan tafki ne, bai kamata a tsare shi a gilashi ba.

Abokan zaman da suka fi dacewa su ne zebra daniyo, mai jure digiri 18 zuwa 24 kuma mai gudun tsiya, da mino na Farin Gajimare, wanda aka fara ganowa a tsaunin Baiyun kusa da birnin Guangzhou. Shi minon ƙarami ne, bai wuce santimita 4 ba, sai dai a sa manyansa tare da kifin zinaren da bai gama girma ba. Filati nau'in bariyatus ma yana yi, ko da yake 'ya'yan da zai haifa za a cinye su. Daniyo da mino kifayen ayari ne, kada a sa ƙasa da shida.

Akwai waɗanda ba a haɗawa sam. Koridoras da otosinkulus suna da ƙaya a fukafukansu, in kifin zinare ya yi ƙoƙarin haɗiye su sai su maƙale masa a maƙogwaro, sau da yawa duka biyun su mutu. Taiga bab yana gutsurar doguwar wutsiya har ta ruɓe. Babban fileko kuma, wanda ake saye don ya lashe gansakuka, yakan manne a jikin kifin zinare da dare ya tsotse yauƙin da ke kare fatarsa.

Tanki ya zama mai faɗi, ba mai tsayi ba. A lissafa lita 75 don kifin zinare na farko, lita 40 don kowane ƙari, sannan a ƙara wa ƙananan nasu wurin. Kifin zinare biyu da daniyo takwas suna bukatar kamar lita 150. Matatar ruwa ta iya juya ruwan tankin aƙalla sau biyar a awa, wato lita 750 a awa ga wannan tankin, amma a karkatar da bakinta zuwa jikin gilashi don kada igiyar ruwa ta wahalar da mai doguwar wutsiya. A ƙara dutsen kumfa, wato wanda ake hura iska ta cikinsa don ta shiga ruwa. A shuka tsiron ruwa irin anubiyas ko jaba fan, ganyensu ya yi wa kifin zinare tauri, kuma ƙananan za su sami maɓoya.

Kada a zuba kifi a sabon tanki. Matatar tana bukatar mako huɗu zuwa shida tana aiki, ana jefa ɗan abinci a ruwan, kafin ƙwayoyin bakteriya masu mayar da amoniya (gubar da ke fitowa daga kashin kifi) naitirayit, sannan su mayar da naitirayit ɗin naitiret mai ƙarancin illa, su kafu. Kayan gwaji su nuna amoniya sifiri, naitirayit sifiri, naitiret ƙasa da 40. A fara sa ƙananan, bayan mako biyu a kawo kifin zinare. Kowane sabon kifi ya yi mako biyu zuwa huɗu a wani tanki dabam tukuna, kuma a bar ledar da aka kawo shi a ciki ta yi yawo a saman ruwa minti 20 kafin a sake shi.

Wajen ciyarwa kifin zinare haɗamamme ne, yana iya hana kowa ci. A jefa masa ƙwayar abinci mai nutsewa a ɓangare ɗaya, yana can ƙasa yana tsinta sai a barbaɗa wa ƙananan nasu a ɗaya ɓangaren. Sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu, ya isa.

Duk mako a canja kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ruwan, a zuƙe kashin da ya kwanta cikin tsakuwa, a sa maganin kashe kulorin a sabon ruwan, zafinsa kuma ya yi daidai da na tanki. Soson matata a wanke shi da ruwan da aka kwaso daga tankin, don ruwan famfo yana kashe bakteriyar. A lokacin ne kuma ake ƙirga ƙananan. Da zarar lissafi ya ragu ba a ga gawa ba, bakin kifin zinare ya girma, a kwashe sauran zuwa nasu tankin a ranar.