Yadda Ake Tafiyar Da Kadet Ɗin Sojan Ruwa A Garin Da Ba Shi Da Teku

Zariya garin sojan ƙasa ne, kowa ya sani. Ga Dafo da ke horar da kurata tun 1924, ga makarantar yara ta soja da aka buɗe a 1954, yaron da ya tashi a Sabon Gari kuwa tun bai iya karatu ba ya iya kwaikwayon maci. Shi ya sa idan malami ya ce zai kafa ƙungiyar kadet ta sojan ruwa a makarantarsa, wato ta ɗalibai masu koyon horo irin na soja, abin da ya fi sauƙi shi ne ya ɗinka wa yara fararen kaya ya sa su fareti, shi ke nan. Ni da ke kula da irin wannan ƙungiya a wata sakandare a nan cikin gari, ra'ayina daban ne: yaron da ya shekara yana amsa sunan kadet ɗin sojan ruwa amma bai iya tsayar da kansa a kan ruwa ba, an cuce shi. Ga yadda nake tsara abin, ga wanda yake son ya fara.

Kafin komai a nemi izini a rubuce. Na shugaban makaranta, sannan na kowane uba ko mariƙi, da sa hannunsa da lambar wayarsa, kuma takardar ta faɗi ƙarara cewa za a shiga ruwa. Kada a ɓoye wannan don gudun kada iyaye su ƙi. Wasu za su ƙi ɗin. Uba zai zo ya ce, "Malam, ni dai yarona ba zai shiga ruwa ba, akwai mutanen ɓoye." Kada ka yi masa dariya, kada kuma ka tsaya yi masa lacca. Ka ce, "Alhaji, ka zo ranar da kanka ka ga wurin, ruwan iya ƙirji ne." Da yawa idan suka zo suka gani sukan sauko. Wanda bai sauko ba, ɗansa ya ci gaba da sauran darussa, ba a korarsa.

Sai mai horarwa. Malamin aji ba zai iya shi kaɗai ba. A nemi tsohon sojan ruwa da ya yi ritaya. Ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Lijan wuri ne mai kyau na fara tambaya. Kuma kada a ɗauka rundunar ruwa tana can Legas da Kalaba kawai: makarantarta ta koyon makamai tana Kachiya a cikin jiharmu, wata kwalejinta tana Dawakin Tofa a Kano. Wasiƙa daga makaranta, mai hatimi, ita ce hanyar neman ziyara ko neman a turo wanda zai yi wa yara magana. Amsa takan ɗauki lokaci, a rubuta tun farkon zango.

Ranar haɗuwa kuma, ni Alhamis nake zaɓa, bayan La'asar. Asabar da safe za ka yi karo da Islamiyya, kuma kai ne za ka sha kaye.

Fareti na ba shi rabin sa'a, ba ƙari. Tsayuwa, juyawa, tafiya a jere, da gaisuwa. Abu ɗaya da ya kamata a gyara tun ranar farko: yaran Zariya sun saba ganin gaisuwar sojan ƙasa, tafin hannu a buɗe yana kallon gaba. Sojan ruwa tafinsa ƙasa yake kallo. Idan aka bari hannu ya saba da waccan, sai an sha fama kafin ya bari. Faretin yana da rana, musamman idan ranar yara ta 27 ga Mayu ta matso ko 1 ga Oktoba, amma ba shi ne jigon aikin ba.

Jigon shi ne ruwa, kuma a nan nake son a natsu.

Ba a kai yara rafin Kubanni, ba a kai su kogin Galma, ba a kai su kududdufin da aka haƙa don yin tubali. Dalili biyu ne. Na farko, ba ka ganin ƙasan ruwan, ba ka san inda rami yake ba, ga laka mai riƙe ƙafa. Na biyu tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin ƙananan dodon-koɗi na ruwan da ke kwance, ta fito ta huda fatar mutum ba tare da ya ji ba, bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini. Ba sai ya sha ruwan ba, shiga kawai ta isa. Don haka wurin iyo na gini ake nema, mai magani a ciki, wanda kana tsaye a baki kana hango ƙasansa. A yi ciniki da masu wurin a kan sa'o'in da ba su da jama'a, iyaye su haɗa kuɗin. Watannin Maris da Afrilu su ne lokacin, ana zafi, yara na marmarin ruwa. A Disamba da Janairu kuwa, da hunturun Zariya, kada ma a fara.

Ranar farko ba a koyar da iyo. Yaro ya tsaya a ruwa iya ƙirji, ya riƙe bakin ginin, ya sa fuskarsa cikin ruwa ya busa iska ta hanci har ta yi kumfa, ya ɗago ya shaƙa ta baki. Ya maimaita har ya daina firgita. Za ka ga ƙato ɗan aji shida, wanda ke daka wa na ƙasa tsawa a fili, ya ƙanƙame ƙarfe yana salati. Hana sauran dariya tun a nan, domin yaron da aka yi wa dariya a ruwa ba ya dawowa mako na gaba.

Bayan haka sai kwanciya rigingine, kuma wannan shi ne darasin da ya fi kowanne daraja a wurina. Ka sa tafinka a ƙarƙashin bayan yaron, ka ce ya kwantar da kai har kunnuwansa su nutse, ya ɗaga haɓa, ya turo ciki sama, ya baje hannuwa. Kuskuren kowa ɗaya ne: ɗago kai don ya ga ƙafafunsa. Yana ɗagowa ƙugu zai nutse, sauran jiki ya bi. Ka ce masa ya kalli sama ya ƙirga a zuci. Kana jin jikinsa ya saki, sai ka riƙa janye yatsunka ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ka sanar da shi ba. Wanda ya iya wannan, ko kwale-kwale ya kife da shi yana da abin yi kafin taimako ya iso. Bugun ƙafa da jan hannu suna zuwa daga baya, kuma ba su da wuyar koyo.

Ƙa'idodin bakin ruwa ba a sassauta su. A ƙirga yara kafin shiga, a ƙirga bayan fita. Kowa da abokinsa, idan aka busa usur kowa ya ɗaga hannun nasa. Mutum ɗaya babba ya tsaya a waje, ba ya koyarwa, ba ya taɓa waya, aikinsa kallo kawai, saboda mai nutsewa ba ya ihu kamar yadda mutane ke zato. Bakinsa na neman iska ne, shiru yake tafiya. 'Yan mata ranarsu daban, da malama mace, da sutura mai rufe jiki wadda ba ta da nauyi. Hijabi mai faɗi ba ya shiga ruwa, yana naɗe hannu.

Darasin ceto kuwa a tudu ake fara shi. Abin da nake nanata wa yara shi ne kada su faɗa ruwa don ciro wani, domin wanda ya firgita zai hau kanka ne, ku tafi tare. Ka kwanta rub da ciki a bakin ruwa ka miƙa masa gora, ko ka jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa. Jarkar lita 20 da ba komai a ciki, an ɗaure murfinta tam, an ƙulla mata igiya a hannu, tana iya riƙe kan babban mutum a sama. Muna atisayen jifanta a filin ƙwallo: a zana da'ira a ƙasa, a jefa ta wuce da'irar, a jawo igiya ta ratsa ta ciki. Idan wani ya ce me ya haɗa ɗan Zariya da wannan, a tuna masa da Bagwai ta Jihar Kano a Nuwamban 2021, inda jirgin ruwa ya kife da ɗaliban Islamiyya a kan hanyarsu ta zuwa Mauludi. Can ma ba bakin teku ba ne.

Igiyar nan ta kawo mu ga ƙulli, wanda shi ne darasin damina da na hunturu. Kowane yaro ya zo da igiya kamu biyu. Yaranmu sun iya zarge, na ɗaure akuya, wanda yana jin nauyi yake shaƙewa; idan aka zarga wa mutum shi a ƙirji aka ja, numfashinsa za a tsayar. Ƙullin da ma'aikatan jirgi ke kira bolin shi ne maganin wannan. Ka yi ɗan ƙaramin zobe a jikin igiyar, ka turo bakinta ta cikin zoben daga ƙasa, ka zagaya da shi ta bayan doguwar igiyar, ka mayar da shi cikin zoben ta inda ya fito, ka ja. Madaukin da ya fito ba ya matsewa, ba ya kwancewa a ƙarƙashin nauyi, kuma bayan an gama da yatsa ake warware shi. Ban yarda yaro ya iya ba sai ya ƙulla shi a ƙugunsa ido a rufe. Sauran abubuwa, kamar cewa fitilar hagun jirgi ja ce ta dama kuma kore, ko mil ɗin teku mita 1,852 ne, ana koyar da su a allo cikin minti kaɗan.

Kaya: farar riga, farin wando, kambas, da bajen makaranta. Kada a ɗinka wani abu mai kama da kakin soja na gaske, kada a sa igiya ko anini na muƙami irin nasu. Doka ta hana, kuma a garin da ke da bariki yaro zai iya jawo wa kansa wulaƙanci a hanya. Kayan a jaka suke zuwa, a jaka suke komawa, don farin kaya da jar ƙasar Zariya ba sa shiri.

Iyaye kuma a gaya musu gaskiya tun a taron farko: zama kadet ba tikitin shiga soja ba ne. Mai son zama hafsa sai ya bi ta jarabawar JAMB ya nemi makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna. Mai son shiga a matsayin ƙaramin soja sai ya cike fom a shafin rundunar idan an buɗe, in ya dace a tura shi Onne a Jihar Ribas. Duka biyun suna neman sakamako mai kyau a Turanci da lissafi, shi ya sa duk yaron da ya faɗi lissafi a zango nake dakatar da shi daga fareti har sai ya gyara, amma ba na hana shi zuwa ruwa. Duk wanda ya zo ya ce a ba shi kuɗi yana da hanya a hedikwata, a kai maganarsa ofishin shugaban makaranta a ranar.