Yadda ake samun gurbin aikin sa kai a ƙauyen tarihi na tsaunukan Alps

Daga cikin matasan da na ga sun nemi zuwa aikin sa kai a ƙauyukan tsaunukan Alps na Turai, ban taɓa ganin wanda ɗaukar dutse ko sanyin dare ya kayar ba. Waɗanda suka faɗi a gida suka faɗi, tun kafin su taka filin jirgi, kuma kusan dukkansu lissafin kwanaki da takardu ne suka ci su. Saboda haka zan fi daɗewa a kan abin da ake yi daga Fabrairu zuwa Yuni.

Abin da ake nufi da sansanin aikin sa kai bai yi nisa da gayya ba, sai dai masu gayyar daga ƙasashe daban-daban suke. Matasa goma zuwa goma sha biyar ne ke zama wuri ɗaya na mako biyu ko uku, su yi aikin kimanin awa 30 a mako ba tare da albashi ba, a ba su wurin kwana da abinci. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Pierre Cérésole, shi ya fara shirya irinsa a 1920 a ƙauyen Esnes kusa da Verdun a Faransa, inda har Jamusawa suka zo gyaran abin da yaƙin duniya na ɗaya ya rusa. A 1924 aka kai aikin cikin tsaunuka, zuwa ƙauyen Someo na Suwizalan da zaftarewar ƙasa ta yi wa ɓarna, sannan a 1928 sama da mutum 700 suka taru a Liechtenstein bayan ambaliyar kogin Rhine. Misalin da zan riƙe a nan shi ne Vaunières, ƙaramin ƙauye a gundumar Saint-Julien-en-Beauchêne ta lardin Hautes-Alpes a Faransa, wanda tsayinsa daga teku ya kai wajen mita 1200. Mutanensa sun watse kamar yadda ƙauyukan yankin da dama suka watse tun daga ƙarni na 19, lokacin da noman gangaren dutse ya daina ciyar da iyali; wani ƙauyen ma kusa da Gap, mai suna Chaudun, mazaunansa da kansu suka sayar da shi ga gwamnati suka tashi. Tun shekarun 1960 ƙungiyar Villages des Jeunes, wadda ke cikin haɗakar Solidarités Jeunesses, take tara matasa suna tayar da gidajen Vaunières.

Mataki na farko shi ne ka nemi ƙungiyar da za ta aika ka daga ƙasarka. A nan ne mafi yawan sababbin shiga ke ɓata wata guda cur, domin suna rubuta wasiƙa kai tsaye zuwa Faransa, su zauna jiran amsa, amsar kuma idan ta zo ba ta wuce a ce su koma wurin ƙungiyar ƙasarsu. Tsarin musaya ne tsakanin ƙungiyoyi: wata ta aika, wata ta karɓa, kowace na tsaya wa mutanenta. A Najeriya akwai ƙungiyar VWAN da ke Legas, a Gana akwai VOLU, kuma hanya mafi sauƙi ta tantance kowace ƙungiya ita ce a duba ko sunanta na cikin jerin mambobin CCIVS, kwamitin haɗa kan ƙungiyoyin aikin sa kai na duniya da aka kafa a 1948 a ƙarƙashin inuwar UNESCO. Duk wanda ya ce maka shi ejan ne, zai samo maka gurbi da biza a dunƙule idan ka biya kuɗi mai kauri, ka rabu da shi. Kada kuma ka ɓata lokacinka a kan shirin Tarayyar Turai da ke biya wa matasa kuɗin tafiya, wanda aka ƙaddamar a 2016, domin an tsara shi ne don mazauna Turai da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita. Kai za ka biya tikitinka, da biza, da inshora, da kuɗin rajistar ƙungiyar da ta aika ka.

Jerin sansanonin lokacin zafi na Turai yakan fito ne wajen watan Maris. Ka yi rajista da ƙungiyarka kafin lokacin, ranar da jerin ya fito kuma ka zaɓi uku ka jera su bisa fifiko. Ni a wurina doka ce a zaɓi sansanin Agusta, ba na farkon Yuli ba, saboda kowane mako da ka ƙara tsakanin karɓarka da ranar tafiya zai yi maka rana a wajen biza. Yawanci ba a ɗaukar fiye da mutum biyu daga ƙasa ɗaya, don haka abokai huɗu da suka ɗaure wa juna cewa tare za su tafi sun riga sun rufe wa kansu ƙofa. A fom ɗin akwai gurbin bayyana dalilin neman zuwa. Kada ka cika shi da son ganin duniya. Ka faɗi aikin hannu da ka taɓa yi, ko yaɓen gidanku ne kafin damina, ko yashe magudanar unguwa. Akwai kuma gurbin abinci, wanda zan dawo kansa.

Yanzu ga inda ni kaina na faɗi a karon farko. An karɓe ni a wani sansani, aka turo takardar gayyata, na buga ta na adana ba tare da na karanta ta harafi bayan harafi ba. Sunana a fasfo yana da rubutu ɗaya, ni kuma a fom na rubuta shi yadda na saba rubutawa tun makarantar firamare, da bambancin harafi biyu, aka kuma kwafe shi haka a takardar gayyata. Sannan takardar ta ambaci ranakun sansanin kaɗai, alhali tikitin da na kama ya nuna zan sauka kwana biyu kafin a fara, babu kuma wata takarda da ta nuna inda zan kwana a waɗannan darare biyu. Inshorar ma daidai ranakun sansanin na saya, don in rage 'yan kuɗi. Kafin a gyara takardar a sake turo ta, in kuma samu wata ranar ganawa ta neman biza, an riga an yi mako guda da fara aiki. Laifina ne daga farko har ƙarshe.

Abin da za ka yi shi ne, ranar da takardar gayyata ta iso, ka ajiye ta gefen fasfonka ka gwada suna, da ranar haihuwa, da lambar fasfo. Ka tabbata ta faɗi a sarari cewa aikin ba na albashi ba ne, cewa masu masauki sun ɗauki nauyin kwana da abinci, tare da cikakken adireshin wurin da ranakun farawa da gamawa. Daga nan ka ɗauki takarda ka rubuta kowane dare da za ka yi a Turai, daga sauka zuwa tashi, ka rubuta a gaban kowane dare takardar da ke nuna makwancinka. Idan akwai daren da babu komai a gabansa, ka kama ɗaki a masauki ko ka sauya tikitin. Bizar da ake nema ita ce ta Shengen (bizar bai ɗaya ta mafi yawan ƙasashen Turai) ta gajeren zama, wadda ba ta wuce kwana 90 cikin 180 ba. Kuɗinta Yuro 90 ne tun Yunin 2024, ban da kuɗin cibiyar karɓar takardu, kuma ba a mayarwa idan an ƙi. Inshorar lafiya dole ta kai Yuro 30,000 ta kuma rufe dukkan kwanakin tafiya, har da ranar dawowa. Fasfo ya zama yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar fitowarka, da shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba. Doka ta ba da damar shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya. Amsa takan fito cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa kwana 45, don haka da 45 ɗin za ka yi lissafi, ka ƙara da jiran ranar ganawa, wanda yake tsawaita idan lokacin hutu ya matso.

A 2024 an ƙi fiye da kashi 40 cikin 100 na buƙatun bizar Shengen da aka shigar a Najeriya, kuma matashi marar aure, marar albashi, shi ne wanda aka fi yi wa kallon ba zai dawo ba. Maganin wannan takardu ne masu nuna abin da ya ɗaure ka da gida: wasiƙar makaranta da ke faɗin ranar komawa karatu, ko wasiƙar hutu daga wurin aiki, da bayanan asusun banki na watannin baya. Kuɗin da aka zuba a asusu dare ɗaya ana gobe ganawa ya fi rashinsa illa. Idan mahaifi ko kawu ne zai ɗauki nauyi, ya rubuta haka ya sa hannu, a haɗa da bayanan asusunsa. Masu nema daga Nijar su fara da binciken inda za su shigar da takardu, tunda an rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024. Wanda kuma ya zaɓi ƙauye a Suwizalan ya sani cewa dokarsu na ɗaukar duk aikin da aka saba biyan lada a kansa a matsayin aikin neman kuɗi ko da kyauta aka yi shi, don haka ya tambayi masu masauki batun izini tun kafin ya biya ko kwabo.

Kayan tafiya ba su da yawa. Takalmi mai ƙarfi da ya rufe idon sawu, wanda ka riga ka yi mako biyu kana sawa don kada ya yi maka kanta a can, safar hannu ta aiki, jakar barci mai kauri da rigar sanyi, domin ko a Agusta dare a kan dutse yakan yi sanyin da ya kai na tsakiyar hunturu, rigar ruwa, tocila, da mahaɗin filogi mai baki biyu zagayayyu. Jakar goyo ta fi akwati mai taya. Kilishi, dambun nama da man shanu ka bar su a gida, saboda an haramta shiga Tarayyar Turai da nama ko kayan madara a jakar matafiyi. Garin kuka, busasshiyar kuɓewa da yaji su za su fitar da kai kunya.

Daga Paris jirgin ƙasa mai sauri na kai wa Grenoble cikin kimanin awa uku, daga nan a hau ƙaramin jirgin da ke bi ta Lus-la-Croix-Haute zuwa Veynes da Gap. Akwai kuma jirgin dare daga Paris zuwa Briançon da ke tsayawa a Veynes. Tikitin da aka saya da wuri ya fi araha nesa ba kusa ba. Takardar bayanin da ake turowa makonni kaɗan kafin farawa za ta faɗi tasha da lokacin haɗuwa; ka buga ta a takarda, don waya na iya rasa sabis a cikin kwari.

Aikin kansa yakan haɗa da gyaran hanya, yaɓe da farar ƙasa ta gini, da tayar da katangar dutse marar siminti, sana'ar da UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2018. Wanda ya taɓa ganin katangu da matakalan gonakin Sukur a Adamawa ya san fasalinta. Manyan duwatsu a ƙasa, kowane dutse ya hau kan mahaɗar biyu da ke ƙarƙashinsa, tsawonsa ya shige cikin katanga, a cike ciki da ƙananan duwatsu da hannu, fuskar katangar kuma ta ɗan jingina ga tudu. Sababbin shiga kan jera dutse a kwance don ya yi kyau a ido, sai mai koyarwa ya sa su rushe. Farar ƙasa na cin fata, kada ka taɓa ta da hannu tsirara. Idan ka bi ta ciyawa ka duba jikinka da yamma saboda kaska, idan kuma ka ci karo da garken tumaki ka kewaye shi daga nesa, domin manyan fararen karnukan da ke gadinsu daga kyarkeci ba sa son a ratsa. Ka tsaya cak, kada ka gudu. Lambar gaggawa 112 ce.

Girki bi da bi ake yi, kuma kuɗin cefane ƙayyadadde ne. Shawarata ita ce ka rubuta a fom cewa ba ka cin nama kwata-kwata, domin hakan ya fi sauƙin fahimta a ƙauyen da babu mahaucin halal, ya kuma raba ka da 'yan gutsattsarin naman alade da ake jefawa cikin dankali da taliya. Ranar girkinka ka tuƙa tuwo da garin semo da ake samu a kowane kanti, ka rage barkono zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ka saba, ka ajiye yaji a gefe. Tun ranar farko ka gaya wa jagoran sansani lokutan sallarka. A Yuli rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, isha'i na kaiwa sha ɗaya, alƙibla kuma kudu maso gabas take. Za a sha giya a gabanka, maza da mata za su yi aiki tare. Idan kana son ɗakin kwana na maza zalla ko na mata zalla, a wasiƙa ake tambaya kafin a karɓi gurbi. Ka koyi gaisuwa da godiya da Faransanci saboda dattawan ƙauye, kada kuma ka manne wa ɗan ƙasarku ɗaya da kuka zo tare.

Ka dawo a ranar da tikitinka ya nuna, ka kai wa ƙungiyar da ta aika ka rahoto cikin mako biyu. Ka roƙi takardar shaidar kammala aiki kafin ka bar ƙauyen, ka adana ta tare da guntun katin shiga jirgi, domin su za ka haɗa a cikin takardun bizarka ta gaba.