Yadda Za Ka Kare Kanka Daga Amai da Gudawa a Jirgin Ruwa na Yawon Shaƙatawa

Babban jirgin ruwa na yawon shaƙatawa kan ɗauki fasinjoji dubu uku zuwa dubu biyar ko fiye, ban da ma'aikata, kuma dukkansu suna cin abinci a wurare ɗaya, suna riƙe ƙarfen matakala ɗaya, suna danna maɓallan lif ɗaya har tsawon mako guda ko biyu. A irin wannan cunkoso ne ƙwayar cutar da ake kira norobairos take samun yadda take so, domin ita ce ke haddasa mafi yawan ɓarkewar amai da gudawa a cikin jiragen. An samo sunanta daga garin Norwalk na jihar Ohio a Amurka, inda ta kwantar da ɗaliban wata makarantar firamare a 1968, kuma sai a 1972 masana suka gan ta da madubin likita. Alamunta kan bayyana tsakanin awa 12 zuwa 48 bayan ta shiga jiki, sannan ta yi kwana ɗaya zuwa uku tana wahalar da mutum da amai, zawo, murɗar ciki, wani lokaci har da ɗan zazzaɓi. Mai fama da ita yana fitar da biliyoyin ƙwayoyi, alhali ƙwayoyi ƙalilan da ba su kai ɗari ba sun isa su kwantar da lafiyayye.

Kafin ka biya kuɗin tafiya, ka duba tarihin tsaftar jirgin. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka tana da shirin duba tsaftar jiragen ruwa tun 1975, wanda ya shafi duk jirgin da ke ɗaukar fasinjoji 13 ko fiye, yana zuwa ƙasashen waje kuma yana tsayawa a tashoshin Amurka. Jami'anta kan shiga jirgi sau biyu a shekara ba tare da sanarwa ba, su duba ɗakunan girki, ruwan sha, wuraren ninƙaya da asibitin jirgin, sannan su ba da maki bisa 100, kuma jirgin da ya samu 85 ko ƙasa da haka ya faɗi. Ana wallafa sakamakon a intanet. Sai dai maki mai kyau shaida ce kawai ta yadda aka iske jirgin ranar da aka duba shi, domin galibi fasinja ne ke shigowa da cutar daga tudu a ranar tashi. Saboda haka idan ka yi amai ko gudawa gab da tafiya, ka faɗi gaskiya a takardar lafiyar da za a ba ka a tasha, kuma tun farko ka yanki inshorar da ta haɗa da jinya a teku, tunda ganin likitan jirgi yawanci da kuɗi ne.

Abin da ya fi komai muhimmanci a cikin jirgi shi ne wanke hannu da ruwa da sabulu, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin kuskure ba tare da sun sani ba. A ƙofar kowane ɗakin cin abinci za ka tarar da na'urar da ke zubo man tsaftace hannu mai sinadarin alkohol, har wani lokaci da ma'aikaci a tsaye yana fesa wa duk mai shiga. Wannan man yana kashe ƙwayoyin cututtuka da dama, amma tasirinsa a kan norobairos kaɗan ne, saboda ba ta da lulluɓin kitse irin na ƙwayar korona wanda alkohol ke narkarwa. Sabulu ma ba kashe ta yake yi ba, ɓamɓare ta yake yi daga fata, ruwa kuma ya tafi da ita, shi ya sa gogawar take da muhimmanci. Ka jiƙa hannu, ka sa sabulu, ka cuɗa tafin hannu da bayansa da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce na aƙalla daƙiƙa 20, ka ɗauraye, ka goge da takardar goge hannu. Da wannan takardar za ka rufe famfo, da ita kuma za ka kama mariƙin ƙofa, in ba haka ba kana iya kwasar abin da wanda ya fita gabanka ya bari. Ka yi haka bayan fitowa daga banɗaki, kafin cin komai, da duk lokacin da ka dawo jirgi daga yawo a gari. Man tsaftace hannu ƙari ne a kan wankewa. Idan kuma ɗakinka bai yi nisa ba, gara ka koma banɗakinsa da ka shiga na jama'a.

Wurin cin abincin da kowa ke ɗibar wa kansa yana buƙatar lura ta musamman. Abincin kansa sau da yawa lafiyarsa ƙalau, matsalar tana jikin mariƙin cokalin ɗiba. Ka kwatanta mutum ɗari biyu sun kama cokali ɗaya cikin awa guda, kai ma ka kama shi ka zuba shinkafa, ka je ka zauna, sannan ka ɗauki burodi da hannun nan ka kai baki. Wankin da ka yi a ƙofa ya riga ya tashi a banza. Mafita ita ce ka gama ɗibar abincinka, ka ajiye farantin, ka sake wanke hannu, ko kuwa ka ci komai da cokali mai yatsu. A ganina, wanda ya tsufa ko yake da ciwon da ya raunana garkuwar jikinsa ya fi dacewa ya ci a ɗakin da ma'aikata ke kawo abinci a teburi. Ka guji ɗanyen abincin teku mai ƙwanso, musamman kawa, domin tana tace ruwa ta tara ƙwayar a jikinta, kuma norobairos na iya jure zafi har wajen digiri 60 na Salshiyas, don haka ɗan turarawa ba ya kashe ta. A garuruwan da jirgi ke yada zango kuwa, ka sha ruwan kwalba da ba a buɗe ba, ka bar ƙanƙarar da ba ka san ruwanta ba.

Idan wani ya yi amai a kusa da kai, ka tashi daga wurin nan take, ka sanar da ma'aikaci. Amai na watsa ƙananan ɗigo a iska waɗanda ke sauka a kan teburori da faranti da tufafi, don haka ko abincin gabanka bai taɓu ba a ido, ka bar shi. Kada tausayi ya sa ka ɗauki tsumma ka goge, domin ma'aikatan da aka horar suna zuwa da safar hannu da takunkumi da sinadarin kulorin mai ƙarfi, wanda yana cikin 'yan abubuwan da ke kashe ƙwayar. Ba don haka ba, tana iya yin kwanaki, har makonni, a kan kafet ko kujera.

Idan kuwa kai ne ka kamu, wato ka yi zawo sau uku ko fiye cikin awa 24, ko amai tare da murɗar ciki ko zazzaɓi, ka kira asibitin jirgin ta wayar ɗakinka maimakon ka taka zuwa can. Jirin teku kan zo da tashin zuciya da amai, amma ba ya zuwa da gudawa, kuma likita ne zai bambance. Za a nemi ka zauna a ɗaki har sai ka yi awa 24 ba tare da wata alama ba, ana kawo maka abinci, ma'aikatan da ke taɓa abinci kuwa awa 48 ake killace su. Fasinjoji da yawa kan ɓoye ciwon don kada su yi asarar kwanakin da suka biya da tsada, kuma wannan ɓoyon na daga cikin abubuwan da ke mayar da ciwon mutum biyar ya zama na ɗaruruwa. A watan Janairun 2014 sama da mutum 600 suka kamu a jirgin Explorer of the Seas, har ya katse tafiyarsa ya koma tasharsa a jihar New Jersey kafin lokaci.

Maganin kashe bakteriya ba ya aiki a kan norobairos, kuma har yanzu babu allurar rigakafinta da aka amince da ita. Haɗarin da ake tsoro shi ne ƙarewar ruwan jiki, musamman ga yara ƙanana da tsofaffi. Ka riƙa kurɓar ruwan gishiri da sukari na leda kaɗan-kaɗan, ko da kana amai, shi ya sa yana da kyau ka sa 'yan ledoji a jakarka tun daga gida. Bushewar baki, ƙarancin fitsari, jiri yayin miƙewa, ko yaro ya yi kuka babu hawaye, duk alamu ne na a kira likita cikin gaggawa, haka ma ganin jini a bayan gida.

Jirgi kan aika wa CDC rahoto na musamman idan masu ciwon suka kai kashi 2 cikin ɗari na fasinjoji ko na ma'aikata, idan suka kai kashi 3 kuma sai a wallafa shi a matsayin ɓarkewa. Tun kafin kyaftin ya yi sanarwa za ka ga alamu: an kwashe kwalaben gishiri daga teburori, ma'aikata sun karɓe cokulan ɗiba suna zuba wa kowa da kansu, ana ta goge ƙarafan matakala, ƙamshin kulorin ya cika ko'ina. Ka bi umarninsu, ka rage gaisawa da hannu. Wannan wajibcin kai rahoto ne ya sa sunan jiragen ruwa ya fi fitowa a labarai, alhali kasonsu bai wuce kusan kashi 1 cikin ɗari na ɓarkewar norobairos da ake rubutawa a Amurka ba, mafi yawa a gidajen kula da tsofaffi da asibitoci suke faruwa.

Bayan ka sauka daga jirgi, ka tuna cewa wanda ya warke yana iya ci gaba da fitar da ƙwayar a bayan gida har mako biyu ko fiye. Kada ka dafa wa kowa abinci sai ka cika kwana biyu da warkewa, ka wanke tufafin da suka ɓaci daban da ruwan zafi da sabulu, kuma ka jinkirta ziyarar tsofaffi da jarirai da marasa lafiya na 'yan kwanaki.