Kurakuran da baƙi ke ta maimaitawa a ƙasar Holan

Na gaji da jin labari iri ɗaya daga bakin waɗanda suka je Holan yawon buɗe ido. Mutum ya sha wahalar biza, ya zuba kuɗin jirgi, ya dawo yana cewa ba komai a ƙasar sai ruwan sama da tsada, mutanenta kuma ba su da fara'a. In ka bi diddigi sai ka tarar kurakurai ne 'yan kaɗan, su ɗin dai, kowa ya je sai ya afka musu.

Mafi haɗari shi ne tsayawa a kan hanyar keke. Duk inda ka ga wani ɓangaren titi mai jan launi, ko an zana hoton keke a ƙasa, to ba wurin mai tafiya a ƙasa ba ne. Mutanen ƙasar kusan miliyan 18 ne, kekunansu kuwa sun haura miliyan 20, kuma da su ake zuwa aiki, da su ake kai yara makaranta. A tashar jirgin ƙasa ta Utrecht kaɗai akwai ma'ajiyar da ke ɗaukar keke 12,500. A bakin wannan tashar na tsaya ina duba taswira a waya, ƙafata ɗaya a kan jan layin. Ƙararrawa kawai na ji, sai ga ni a ƙasa. Wata mata ce ɗauke da 'ya'yanta a akwatin gaban kekenta, ta yi iya ƙoƙarinta ta kauce, bai yiwu ba. Waya ta fashe, wuyan hannu ya gurɗe, sauran tafiyar da hannu a ɗaure na ƙarasa ta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kukan yaran nan, don da kekensu ya kife da alhakinsu yana wuyana. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga baƙo ya ja akwati ya tsaya a tsakiyar hanyar keke yana ɗaukar hoto, an yi masa tsawa kuma ya ce an raina shi. Ba raini ba ne, malam, ceton ka ake yi!

Ni yanzu ba na ciro waya sai na jingina da bango. Kafin in tsallaka titi ina duba hanyar keke daban, ta mota daban, ta jirgin cikin gari daban. In kuma za ka yi hayar keke, kada ka fara a tsakiyar Amsterdam. Da yawa daga kekunansu birkinsu a feda yake, sai ka murza baya yake tsayawa, kuma taya na iya maƙalewa a ramin layin dogon da ke kan titi. Riƙe waya a kan keke laifi ne tun 2019, tara ake ci.

Na biyu shi ne zuwa kallon furen tulif ba a lokacinsa ba. Hotunan gonakin nan masu layin ja da rawaya da ake yaɗawa, na 'yan makonni ne kacal a shekara. Lambun Keukenhof da ke garin Lisse, inda ake shuka albasar fure kusan miliyan 7 kowace shekara, makonni takwas yake yi a buɗe, daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu. Gonakin da ke kewaye da shi ma ba sa kaiwa haka. Manomi ba don fure yake noman ba, don albasar da ke cikin ƙasa ne, saboda haka wajen ƙarshen Afrilu sai ya sa inji ya fille kawunan furannin domin ƙarfin shukar ya koma ƙasa. Wanda ya zo a Yuni kore kawai zai gani. Ni tsakiyar Afrilu nake nufa, kuma da safe kafin motocin 'yan yawo su iso. Sannan don Allah kada ka kutsa cikin gona don hoto. Dukiyar mutum ce, takalminka na iya tattake shuka ko ya kwaso mata cuta daga wata gonar. Wa zai yarda baƙo ya shiga tsakiyar geronsa yana tattakawa?

Yanzu bari in yi faɗa. Ka taso tun daga wata uwa duniya, ka ƙare kwanakinka tsakanin dandalin Dam na tsakiyar Amsterdam da shagunan tsaraba, sannan ka ce ka ga Holan? Larduna 12 ne a ƙasar. Gwamnati ma ba a Amsterdam take zaune ba, tana Hague. Babban labarin mutanen nan shi ne kokawarsu da ruwa, don kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana ƙasa da teku, har filin jirgin Schiphol da ka sauka a kai. Je Kinderdijk ka ga injinan iska 19 da aka gina wajajen 1740, aikinsu janye ruwa daga fadama su zuba a kogi. Je Zeeland, inda ambaliyar 1953 ta fi yin ɓarna. Mutum 1,836 ta kashe a ƙasar, kuma dalilinta aka gina manyan ƙofofin tare teku, cikinsu har da ta Oosterschelde da aka buɗe a 1986. Bi ta kan Afsluitdijk, ganuwa mai tsawon kilomita 32 da aka rufe a 1932 ta mai da reshen teku tafki. Lardin Flevoland kusan gabaɗayansa ƙarƙashin ruwa yake a da. In ka ga waɗannan za ka gane abin da ya sa ɗan Holan ba ya wasa da tsari da lokaci. Kuma ƙasar ƙarama ce, daga Amsterdam zuwa Utrecht bai kai rabin sa'a a jirgin ƙasa ba.

Sauran kuwa a taƙaice. Shagon da aka rubuta "coffeeshop" a ƙofarsa tabar wiwi ake sayarwa, mai neman shayi ya nemi wani wurin. Naman alade yana ɓuya a abinci da yawa, har miyar wakensu ta lokacin sanyi, don haka ka haddace "varken" da "spek" da "ham", kalmomin da ke nuna akwai alade a ciki, ko ka nufi mahautan Turkawa da 'yan Maroko, suna ko'ina a manyan birane. A jirgin ƙasa da bas ana taɓa kati wajen shiga, a sake taɓawa wajen fita, in ka manta na fitar za a cire maka fiye da kuɗin tafiyarka. Wurare da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, ka sauke jadawalin salla na garin da kake. Ranar 27 ga Afrilu bikin Sarki ne, gari yana cika maƙil da masu tufafi ruwan lemo, kowa ya baza tsofaffin kayansa a titi yana sayarwa, masauki kuma yana tsada. Ranar 4 ga Mayu da ƙarfe takwas na yamma ana yin shiru na minti biyu don tuna waɗanda suka mutu a yaƙi, kai ma ka kama bakinka.

Kada ka faɗa gidan ɗan Holan ba sanarwa, ko da abokinka ne. Ana sa rana da lokaci, kuma ka iso a kan lokacin. Kusan ƙarfe shida suke cin abincin dare, in ba a gayyace ka ci ba ka yi sallama kafin nan. In kun ci a waje, sau da yawa kowa nasa yake biya. In ka tambaye shi ra'ayinsa zai faɗa maka gar da gar, kada ka ɗauka gaba ce.

Masu zuwa da saƙon atamfar Holan daga iyaye da matan gida kuma, kada ku ɓata yini kuna zagaye shagunan tsakiyar Amsterdam. Kamfanin Vlisco yana garin Helmond ne a kudancin ƙasar tun 1846, kuma akasarin abin da yake bugawa Afirka ake kai shi. Ku ware rana guda ku je Helmond, ko ku tambayi 'yan Ghana da ke unguwar Bijlmer ta Amsterdam inda suke saye.